Tsakanin garwashi da harshen wuta: me ya sa muke cewa “hura wuta”?

Wani mai karatu ya tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa an hura wuta, alhali fitila kunna ta ake yi, ya kuma nemi bambancin tartsatsi da garwashi.

Amsar tana cikin yadda ake samar da wuta kafin zuwan ashana. Idan aka ƙyasta ƙarfe a jikin dutsen ƙanƙara, abin da yake tashi shi ne tartsatsi, wato ɓurɓushin ƙarfen da ya yi ja saboda zafi, kuma nan take yake mutuwa in bai faɗa kan abin da zai riƙe shi ba, kamar audugar rimi. Daga wannan ƙyastu ne muka gaji faɗin “ƙyasta ashana”. Idan kuwa murza sanda aka yi a kan busasshen katako, garin itace ne yake taruwa, ya yi baƙi, ya fara hayaƙi, har ya dunƙule ya zama ɗan garwashi. Garwashi ke nan wuta ce mai ci a hankali ba tare da harshe ba.

A nan ne gwaninta take. Mai aikin yakan shimfiɗa ganye a ƙarƙashin katakon domin ya tari garwashin, ya ɗan dakata har ya yi ƙwari, sannan ya juye shi a tsakiyar busasshiyar ciyawa da aka murtsuke ta yi laushi kamar sheƙar tsuntsu. Sai ya naɗe ciyawar ba tare da matsewa ba, ya ɗaga ta daidai bakinsa, ya riƙa busa iska sannu sannu. In ya yi gaggawa garin ya watse, in ya matse kuma iska ta kasa shiga. Hayaƙi yakan yi kauri tukuna, sannan harshe ya tashi, a sa ƙirare, daga baya a iza itace.

Wannan busawar ita ce hurawa, kuma a ganina babu kalmar da ta fi ta dacewa. Rurawa kuwa ƙara wa wutar da ta riga ta kama ƙarfi ne, shi ya sa ake cewa wane yana rura wutar rikici. Ba a tuhumarsa da fara faɗan, laifinsa shi ne ya tarar da garwashin da zai mutu da kansa, ya sa masa baki.