Yaya, ga amsar tambayarka kan hawan dutsen Abba

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Hajiya?

Na saurari saƙonka bayan hoton Abba da na tura, wanda yake tsaye a ƙololuwar dutse cikin dusar ƙanƙara. Ka ce wane irin uba ne zai bar ɗansa ya je inda ƙanƙara ke binne mutane da ransu, ko zaman Turai ne ya cire mana tsoro. Ban ga laifinka ba. Ni ma hunturuna na farko a nan birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, da na ji fashewa da sassafe daga tsaunin Nordkette da ke saman gari, sai da na yi salati. Maƙwabcina ya ce in kwantar da hankali, ma'aikata ne ke tayar da nakiya don dusar ta zubo tun kafin mutane su hau.

Zaftarewar dusar ƙanƙarar nan da Jamusanci suna kiranta lawine, kuma ba haka kawai take aukuwa ba. Dusa hawa-hawa take kwanciya, kowace zuba da shimfiɗarta. In aka yi kwanaki ana tsananin sanyi sama garau, wata shimfiɗar sai ta koma tsaba-tsaba kamar sukari, ba ta kama juna. Sai iska ta kwaso sabuwar dusa ta danƙare a kanta. Ka ɗauka an zuba gero a gangare, an ɗora katifa a kai. Ido ba ya ganin geron, amma nauyin mutum ɗaya ya isa katifar ta tsage ta tafi da shi. Shi ya sa mutanen Tirol, jihar da muke zaune, ke cewa iska ce maginin lawine. Mafi yawan waɗanda ta kashe, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita, galibi a gangaren digiri 30 zuwa 45.

Kullum ƙarfe biyar na yamma ake fitar da rahoton haɗarin lawine na gobe, kuma Abba ba ya ɗaura jaka sai ya karanta. Tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita a kan matakan haɗari 5. Za ka zaci na 5 ne ke cin mutane. To, kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, don a na 4 da na 5 kowa na gida, shi kuwa na 3 rana na haske, dusa sabuwa, zuciya na raya wa mutum ai ba komai.

Kowa a ayarin yana rataye da wata 'yar na'ura mai aika sigina, ga dogon tsinken laluben wanda aka binne, ga shebur. In an tono mutum cikin minti 15, sama da 90 cikin 100 suna rayuwa. Ya wuce rabin awa da kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Dusar da ta tsaya tana ƙanƙamewa kamar siminti, ko yatsa ba ka iya motsawa. Za a kira 140, lambar masu ceto a tsaunukan Ostiriya, amma kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso sau da yawa an makara. Abokinka ne zai tono ka. Don haka a wurin da suke shakka ba sa bi a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya suke tsallakawa, saura na tsaye suna zuba masa ido.

Ba na ce maka tsarin ya kawar da ajali ba. Ranar 23 ga Fabrairun 1999 dusa ta sauko har cikin ƙauyen Galtür da ke nan Tirol ta kashe mutum 31, washegari ta kashe 7 a ƙauyen Valzur da ke kusa. Har yanzu duk hunturu ana rasa kimanin mutum 100 a tsaunukan Alps.

Mu 'yan gida da ke nan, gaskiya yawancinmu daga tagar ɗaki muke kallon dutse, ga shayi a hannu. Yaranmu da aka haifa a nan ne suka taso da abin, tun daga makaranta. Da farko na hana, na ga hanin ba zai haifar da komai ba sai tafiya a ɓoye. Sai na kafa sharaɗi: ya yi kwas, kada ya tafi shi kaɗai, ya faɗa mini hanyar da za su bi. Addu'a kuwa uwarsa ba ta fasawa.

Abin da ya sa na saki jiki, Yaya, shi ne a nan juyowa ba abin kunya ba ne. A gida yaron da ya kai bakin kogi ya fasa tsallakawa, sa'anninsa sai sun yi masa waƙar rago. Nan kuwa dattijon da ya fi kowa sanin dutse shi ne kan fara cewa a koma. Asabar ɗin da ta wuce sun yi awa uku suna hawa, saura kaɗan su kai, suka ji dusa ta yi "wum" a ƙarƙashinsu, alamar shimfiɗar ƙasa ta rufta. Nan take suka juyo. Kafin la'asar yana gida yana neman ragowar tuwo.

Ya ce a gaishe ka, kuma in mai zuwa ya samu a aiko masa da kilishi, wai ya fi cakulan riƙe ciki a kan dutse.