Tambayoyinku kan fasaha: ɗaukar hoton tsuntsaye a yawon hunturu

Assalamu alaikum. Tun da sanyi ya kankama, yawancin saƙonnin da ke iso mini daga masu fita bayan gari ne da sassafe, waɗanda ke bin gefen gonaki da bakin ruwa suna kallon tsuntsaye, suna kuma son dawowa gida da hotonsu. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin hunturu lokaci ne da ba shi da na biyu a wannan harka. Ganye ya zube, tsuntsu bai da maɓoya mai yawa, ga kuma baƙi masu ƙaura da ba a ganinsu sai a wannan lokaci. Ga abin da na zaɓo a wannan makon.

Tambaya: Malam, wayata tana jawo abu kusa har sau 30, amma duk tsuntsun da na ɗauka sai ya fito kamar zanen da ruwa ya jiƙa. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau. Jawo hoto kusa iri biyu ne. Akwai wanda gilashin kyamara ke yi da kansa, shi ne na gaskiya, kuma a yawancin wayoyi bai wuce sau 2 ko 3 ko 5 ba. Duk abin da ya haura nan, wayar yanko tsakiyar hoton take yi ta buɗa shi, sannan manhaja ta cike giɓin da hasashe. Wannan hasashen ne kake gani kamar fenti.

Bari mu yi lissafi, don shi ne zai kwantar maka da hankali. Babbar kyamarar waya faɗinta yakan kama wajen milimita 26 a ma'aunin masu hoto, inda girman lambar ke nuna yadda gilashi ke jawo abu kusa. Idan ka tsaya mita 15 daga bishiya, hotonka zai ɗebo fili mai faɗin kusan mita 20. Hoto mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 daga wannan gefe zuwa wancan. Ke nan ɗan tsuntsu mai tsawon santimita 15 ɗigo 30 kacal zai samu. A cikin ɗigo 30 ɗin nan kake neman ido da baki da zanen fuffuke! Wanda ya tsaya kusa da kai da gilashi mai milimita 600 a kan kyamara mai megafiksel 24, tsuntsun nan ɗigo wajen 1000 zai ba shi. Ka ga tazarar.

To mafita fa? Ta farko kyauta ce: rage nisa. Duk sanda ka raba nisan gida biyu, tsuntsun ya ninka tsawo a hotonka. Sai dai ba da bin tsuntsu ake kusantarsa ba. Ka lura da inda suke sauka, ko wata bishiya mai sauran 'ya'ya, ko kududdufin da bai ƙafe ko ya daskare ba, ka samu wuri ka zauna, rana tana bayanka, ka yi shiru. Bayan minti goma ko ashirin za su manta da kai, su dawo da kansu. Mafi kyawun hotunan da na taɓa ɗauka da waya a zaune na ɗauke su.

Ta biyu, in kana da madubin hangen nesa mai ido biyu, ka ɗora kyamarar wayar a kan ido ɗaya. Wanda aka rubuta wa 8x42 yana jawo abu sau 8, lamba ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Da shi, tsuntsun nan mai ɗigo 30 zai koma wajen 240. Akwai maƙali na roba da ake sayarwa don riƙe wayar daidai, kuma yana da amfani, saboda hannu biyu ba sa iya riƙe abu biyu cak cikin sanyi. Ka jingina madubin da kututture ko dutse, in baƙin zobe ya bayyana a gefen hoton ka ɗan jawo shi kaɗan har ya ɓace.

Tambaya: Na fita da caji kashi 60, kafin awa ɗaya wayar ta mutu. Da na dawo gida kuma ta kunnu tana nuna kashi 35. Batirin ya gama aiki ke nan?

Amsa: Ba lallai ba, 'yar'uwa. Batirin waya da na kyamara na lithiyam ne, kuma wutar da yake bayarwa daga motsin sinadarai take fitowa. Sanyi yana rage wannan motsi, ƙarfin wutar ya faɗi, wayar ta ɗauka batirin ya ƙare ta kashe kanta. Cajin yana nan, in ya ji ɗumi sai ya dawo. Kamfanin Apple ma ya faɗa cewa an ƙera iPhone don ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 na ma'aunin Salshiyas. Tsohon batir ya fi sabo saurin nuna wannan hali.

Ki riƙa ajiye wayar a aljihun ciki, jikin jiki, ki fito da ita sai za ki ɗauka. Haka batirin kyamara na ajiya. Abu ɗaya da nake so ki kiyaye: kada ki jona wa batir caji yana da sanyin da ya kai na daskarewar ruwa. Wannan yana yi masa lahani na dindindin, ba irin na wucin gadin da kika gani ba. Ki bari ya ɗumama tukuna. Kuma tunda safar hannu takan hana allon waya jin yatsa, ki yi amfani da maɓallin ƙara murya, a yawancin wayoyi yana ɗaukar hoto.

Tambaya: Tsuntsu yana kan reshe ina ganin launinsa sarai, amma a hoto sai ya zama baƙi ƙirin, sama kuma fari fat. In ya tashi kuwa, sai dishi-dishi.

Amsa: Matsala biyu ce ka haɗa, kuma maganinsu daban. Ta farko daga yadda kyamara ke auna haske take. Kullum ƙoƙarinta ta mayar da hoto tsaka-tsaki, kamar launin toka. In farin gajimare ko hazo ko dusar ƙanƙara ya cika hoton, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, tsuntsun ya nutse cikin duhu. Kai za ka gyara mata. A waya, ka taɓa kan tsuntsun, alamar rana za ta fito, ka ja ta sama. In ka danne wurin na ɗan lokaci, saitin zai kulle ba zai sake canzawa ba. A kyamara, ka nemi maɓalli mai alamar +/- ka kai shi +1, wani lokaci har +2. In farin tsuntsu ne kamar belbela a gaban duhun bishiyoyi, akasin haka za ka yi, ka rage, don kada zanen gashinsa ya ƙone. Mafi sauƙi ma, ka ɗan matsa gefe ko ka durƙusa har bayan tsuntsun ya zama daji ko tudu maimakon sama.

Dishi-dishin kuwa daga saurin ƙiftawar kyamara ne. Tsuntsun da ke zaune yana buƙatar kamar 1/500 na daƙiƙa, domin kansa ba ya tsayawa. Manya masu tashi a hankali irin su zalɓe, 1/1000 zuwa 1/1600. Ƙanana masu saurin fuffuke, 1/2000 ko fiye. Da ka ƙara sauri haske zai ragu, sai ka buɗe idon gilashin iyakar buɗewarsa, ka bar ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, ya hau. Mutane da yawa suna tsoron ISO 1600 ko 3200 saboda yashi-yashin da yake kawowa. Ni ban ga abin tsoro ba. Yashi ana iya rage shi a kwamfuta, amma hoton da ya girgiza ya tafi ke nan. Wayoyin Android da dama suna da sashen da aka rubuta wa Pro inda za ka saita waɗannan da hannunka. Ka kuma kunna ɗauka a jere, cikin hoto goma ɗaya zai fito da ido a buɗe, kai a juye inda kake so. Idon nan shi ne komai: in ido ya fito ras, mai kallo zai yafe sauran.

Tambaya: Ina shiga ɗaki gilashin kyamarata ya yi gumi ciki da waje.

Amsa: Iska mai ɗumi ce ta sauke danshinta a kan gilashi mai sanyi. Tun kana waje ka zare katin memori, ka sa kyamarar a jakarta ko a leda ka ɗaure, ka bar ta awa ɗaya ko biyu a ɗaki kafin ka buɗe. In ta riga ta yi gumin, kada ka cire gilashin, kada ka kai ta kusa da wuta. Ka cire batir ka bar ta ta bushe.

Tambaya: Akwai manhajar da za ta gaya mini sunan tsuntsu? An kuma ce in na kunna kukansa a waya zai zo kusa, gaskiya ne?

Amsa: Akwai, kuma kyauta ce. Merlin Bird ID ta fito a 2014 daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka. Tana gane tsuntsu ta hoto, ko ta 'yan tambayoyi kan girma da launi, a 2021 kuma aka ƙara mata sauraron kuka. Ki sauke kundin tsuntsayen yankinki tun kina gida, don ta yi aiki inda babu sabis. Ta fi ƙwarewa a kukan tsuntsayen Arewacin Amurka da Turai, inda aka fi tara rikodin, kuma ko a can takan yi kuskure. Abin da ta faɗa shawara ce, idonki ne zai tabbatar. Hoton da bai yi kyau ba ma kada ki goge shi, sau da yawa ya isa a gane tsuntsun. Cibiyar ce kuma ke kula da eBird tun 2002, inda ake rubuta abin da aka gani masu bincike su amfana. A watan Fabrairun kowace shekara akwai ƙidayar tsuntsaye ta kwana huɗu a duniya baki ɗaya, minti 15 na kallo ya isa mutum ya shiga.

Batun kunna kuka gaskiya ne, zai zo. Amma ina roƙonki kada ki yi, musamman a wannan lokaci. Tsuntsun da ya ji kukan nan ɗauka yake wani ya shigo masa wuri, sai ya bar cin abinci ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi. Kin ga yadda suke kumbura gashi da safe su zama kamar ƙwallo? Iska suke tarewa a cikin gashin don riƙe ɗumi. Ƙaramin tsuntsu kitsen da ya tara da rana shi yake ƙonawa ya kwana, inda sanyi ke tsanani kuma yinin gajere ne, abincin kaɗan. Duk tashin da muka sa shi ya yi a banza daga wannan ajiyar ake cirewa. In kin ga ya daina kiwo ya miƙe wuya yana kallonki, kin matso da yawa, ki ja baya.

Tambaya: Ina so in bar waya in sayi kyamara. Da wacce zan fara?

Amsa: In babban burinka ka gane tsuntsu ka adana shi, nemi irin kyamarar da gilashinta ba ya cirewa amma yana jawo nesa sosai, kamar Nikon P950 mai kaiwa milimita 2000. Rauninta ƙaramin sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, don haka tana wahala da asuba da ranar gajimare. In hoto mai inganci kake so, ɗauki mai canjin gilashi, ko da ta hannu ce, ka fi zuba kuɗinka a gilashin. Mai milimita 300 a kan sensa matsakaici yana aiki kamar 450, ya isa farawa. Ka ɗaga ta a hannu kafin ka biya, domin wadda ta yi maka nauyi, a gida za ta riƙa kwana.

Tambaya: Na samu mujiya tana barci a kogon bishiya, hoton ya yi kyau, amma da na tura a WhatsApp ya dusashe. Abokai kuma suna ta tambayar wurin.

Amsa: Barka da wannan sa'a, ba kowa ke samunta ba. WhatsApp yana matse hoto don rage data. Ka zaɓi HD kafin turawa, ko ka tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda yake. Sai dai a nan akwai abin lura. Fayil na asali yana tafiya da bayanan da wayar ta lika masa, har da daidai inda aka tsaya aka ɗauka in GPS yana kunne. Mujiya takan yi makonni tana yini a kogo ɗaya, in mutane suka fara zarya za ta bar shi, cikin sanyin nan kuma samun wani ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa eBird ma take ɓoye wuraren wasu tsuntsaye. Kafin ka tura, ka buɗe bayanin hoton ka cire wurin, ko ka kashe alamar wuri a saitin kyamara tun kafin ka fita. Abokin da ka amince da shi kuwa, ka kai shi da kanka, ku tsaya nesa, ku yi minti kaɗan ku wuce.