Yarana suna son shiga takwando, wan mijina ya ce haramun ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni mazauniyar unguwar Nima ce nan Ankara, babban birnin Gana. A makarantar bokon yarana an kawo kocin takwando (wasan kare kai da hannu da ƙafa), namijin shekara 9 macen 7, duk sun dame ni sai na sa su. Toh wan babansu ya ce haramun ne wai ana rusuna ma koci kamar ruku'u kuma koyon faɗa ne. Dan Allah Malam meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Ki sa su, halas ne, amma akwai wurare biyu da sai an gyara, kuma Alhajin naku ya taɓo ɗaya daga ciki.

Asalin wasan motsa jiki halacci ne har sai haramun ta shigo ciki. Kokawa kam ba baƙuwa ba ce a Musulunci, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, malaman tarihi kuma sun kawo labarin yara biyu ranar Uhudu, Rafi'u ɗan Khadij da Samura ɗan Jundub, aka karɓi Rafi'u saboda ya iya harbi aka mayar da Samura, sai Samura ya ce ai ni ina kayar da shi, aka ce to ku kama, ya kayar da shi, aka karɓe shi shima. Habashawa sun yi wasan mashi cikin masallacin Madina Nana A'isha tana kallo ta bayan Manzon Allah, wannan yana Bukhari da Muslim. Ga kuma hadisin Muslim cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma Allah ya fi son shi kan mumini mai rauni, ko da yake kowanne akwai alheri tare da shi. Cewa takwando daga Koriya ya zo, judo da karate daga Japan, wannan ba ya haramta komai, in dai ba ibadar wasu aka ɗauko ba.

Amfanin kuwa ni a wajena ya wuce ƙwanji. Ki duba yadda muke zaune a Nima da Mamobi, gida manne da gida, filin wasa ya yi ƙaranci, yaro ya taso daga makaranta in bai rungumi waya ba to yana lungu da waɗanda ba ki san su ba. Yaron da ya je ya yi gumi awa ɗaya zai ci abinci ya yi barci da wuri, asuba ba sai an yi dambe da shi ba. Sannan koci na ƙwarai abinda yake fara koyarwa shi ne tsayuwa a layi, jiran lokacinka, da tsayawa cak in an ce tsaya ko da kana cikin zafin zuciya, kuma wannan shi ne ainihin abinda Annabi (SAW) ya kira jarumta da ya ce ba mai kayar da mutane ne mai ƙarfi ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Saboda haka ma'aunin yana hannunki, in bayan wata biyu uku kika ga yaron ya fara gwada ƙafa a kan ƙanwarsa ko 'yan ajinsu na makarantar allo, to kocin ba ya aikinsa, ki cire shi.

Yanzu maganar rusunawa. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) in mutum ya haɗu da ɗan'uwansa zai rusuna masa? Ya ce a'a. Zai kama hannunsa su gaisa? Ya ce eh. Daga nan malamai suka rabu, wasu suka ce makaruhi ne wasu suka ce haramun ne musamman in ya kai ruku'u, amma ba a ce ma yaro ya yi shirka don ya sunkuyar da kai gaisuwa ba tare da nufin bauta ba, kar a tsorata ki da wannan. Kuma tsakani da Allah mu kanmu a Zango muna tsugunawa har ƙasa mu gaida manya da malamai, in za a yi tsanani sai a fara daga gida. Mafita mai sauƙi ce, ke ko babansu ku samu kocin cikin mutunci ku ce yaranmu za su sa hannu a ƙirji ko su ba da hannu, Gana ba ƙasar da ake jayayya kan irin wannan ba ce. Wanda ba sassauci a ciki shi ne a durƙusa a kai goshi kusa da ƙasa kamar sujada, ko a rusuna ma hoton wani ko ma filin wasan kansa. Wannan kam a'a.

Na biyu wanda Alhaji bai ambata ba kuma ya fi damuna, dukan fuska. Hadisi ne ingantacce cikin Bukhari da Muslim cewa in ɗayanku zai yi duka ya nisanci fuska, kuma a kan haka majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) a Makka ta haramta damben bokisin a shekarar 1987 saboda an gina shi kan cutar da juna. Na san wannan ba zai yi ma wasu daɗi ba a garin da ake alfahari da unguwar 'yan dambe ta Bukom da zakaran bokisin Azumah Nelson, amma hukunci hukunci ne. A takwando harbin kai ya fi kawo maki a gasa, hular da suke sawa tana rage rauni ne kawai. Don haka su koyi tsayuwa da kariya, su doki katifar hannun koci iya son ransu, in za su gwada da juna a tsaya a jiki inda aka sa rigar kariya, ban da kai.

Ita yarinyar a shekara 7 babu laifi ko kaɗan, ni ma na fi son mata su iya ƙwatar kansu. Kayan takwando dama riga ce mai dogon hannu da dogon wando, a sa mata 'yar ciki da hijabi, Hedaya Malak ta Masar da hijabinta ta ci tagulla a Olamfik na 2016. In ta doshi shekara 10 a nema mata ajin mata ko koci mace, kuma daga yanzu kar a bar ta ita kaɗai da koci, shi ma namijin haka, wani babba daga gida ya riƙa leƙawa.

Ki tambayi ranakun da ake yi kafin ki biya kuɗi, in ya faɗo safiyar Asabar da Lahadi lokacin makarantar allo ko ya ci musu sallar Magariba to a nemi wani lokaci, karatun Alƙur'ani ba ya matsawa don wasa. Ki nuna ma Alhaji wannan amsa cikin ladabi, in da hali ma shi za a roƙa ya je ya yi magana da kocin.

Wallahu a'alam.