Digiri ya yi yawa, ƙwararru sun yi ƙaranci: daga ina za a kama?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa ƙasar da ta rataya ga fitar da abu guda, mai ko ma'adinai, ga masu digiri suna zaman kashe wando, ga kamfanoni suna kukan rashin ma'aikata, shin jami'o'i za ta ƙara ko cibiyoyin koyon sana'a. A ganina duka biyun ba su ne farko ba.

Ɓarnar daga firamare take farawa. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Bayan korona, a 2022, ƙiyasin ya haura zuwa kashi 70. Irin wannan yaro idan ya girma ka kai shi koyon wayarin, ba zai karanta takardar bayanin inji ba, ba zai mayar da milimita zuwa santimita ba. Hannu zai iya, amma da an sauya samfurin injin sai ya tsaya cak. Maganin ba mai tsada ba ne. Ƙungiyar Pratham ta Indiya takan gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintuna: harafi yake ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari? Sai a raba yaran bisa inda suka tsaya, ba bisa aji ba, a ba su awa ɗaya ko biyu kullum, a sake gwaji bayan 'yan makonni. Abin da ke kashe tsarin shi ne mai duba makarantu da ba ya tambayar komai sai ko an ƙare manhaja. Malami kuwa dole ya yi gudu, ya bar rabin aji a baya.

Sai giɓin da kamfanoni ke kuka a kai. Yawanci ba injiniyoyi suke nema ba, masu tsaka-tsakin ƙwarewa ne: mai walda da ɗinkinsa zai ci gwaji, mai gyaran ɗakin sanyi, mai kula da injin masana'anta, mai gwajin ingancin kaya. A nan ake tafka kuskure. A sayo injin sassaƙa ƙarfe a ɗauki hoto ranar buɗewa, amma babu kasafin sandunan walda, babu ƙarfen gwaji, babu kayan gyara, wuta ma sai an ga dama. Bayan shekara guda za ka tarar da injin lulluɓe da leda, ɗalibai arba'in suna kwafar zanensa daga allo. Malamin kansa rabonsa da masana'anta an jima, don wanda ya iya da gaske kamfani ya ɗauke shi da albashi mai tsoka.

Inda abin ya yi aiki, masu ɗaukar aiki ne ke riƙe da linzami. A Jamus mai koyo yakan yi kwana uku ko huɗu a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a ne ke shirya jarabawar ƙarshe. A Penang ta Maleshiya, inda kamfanin Intel mai ƙera kayan kwamfuta ya sauka tun 1972, kamfanonin ne suka haɗa hannu da gwamnatin jihar a 1989 aka kafa cibiyar horaswa wadda su ke faɗin abin da za a koyar. Maroko ma ta kafa cibiyar horar da ma'aikatan mota ne tare da masana'antar Renault ta Tanja da aka buɗe a 2012. Lura da tsarin: aikin yana ƙasa ko yana tafe, sannan horo.

Kada a ɗora wa makaranta laifin da ba nata ba. Botswana ta zuba kuɗin lu'u-lu'u sosai a ilimi, amma har yau lu'u-lu'un ne mafi yawan abin da take fitarwa, matasa kuma na fama da rashin aiki. Kuɗin ma'adinai kan ƙarfafa darajar kuɗin ƙasa, kayan waje su yi araha, na gida su kasa gogayya, abin da ake kira cutar Holan. Ƙara da rashin wuta da jinkirin tashar jiragen ruwa, sai ka horar da dubbai amma su tsallaka ƙasashen waje.

Saboda haka a zaɓi fanni biyu ko uku da ake da masu saye a ƙasa, a zaunar da kamfanoninsu su rubuta manhajar, fiye da rabin lokacin koyo ya kasance a wurin aiki. Wata shida bayan yaye ɗalibai a bi su ta waya: nawa ke aiki, a fannin da suka koya ko wani, nawa suke samu? A riƙe wani kaso na kuɗin cibiyar sai wannan sakamako ya fito, kuma wani daban ne zai buga wayar, ba cibiyar ba.