Kan gilashin da ka ce ciwon daji ne

Ɗana, ka tambaye ni me ya hana ni rubuta kansa, wato ciwon daji, a kan abin da aka zuƙo da allura daga kumburin gaban kunnen matar nan, alhali da muka shafa shi a gilashi muka duba a madubin ƙara girma ƙwayoyin halittar sun cunkushe, ga ƙwallaye jajaye a tsakaninsu. Jawo kujera.

Ƙarin, wato tsiron nama, da ya fi yawa a wurin da ke samar da yawu, nan gaban kunne, ba mugu ba ne. Adenoma mai siffa iri-iri ne, yana shekaru yana girma a hankali, ba ciwo, ka taɓa shi ya gusa ƙarƙashin yatsa. Matsalarsa ita ce wani lokaci allura ta faɗa inda ƙwayoyi suka yi yawa, sai ya fito da kamannin kansar da muke kira silindirom. Duba jan abin nan da rinin Giemsa ya kama. A adenoma bakinsa zare-zare yake kamar gefen tsohon zane, ƙwayoyi kuma suna nutse a cikinsa. A silindirom ƙwallo ne sumul, bakinsa a yanke, ƙwayoyin sun kewaye shi ta waje. Gilashin matar nan yana da duka biyun, shi ya sa na dakata.

Akwai kuma ƙarin Warthin, na dattawa masu shan taba, har yakan fito gefe biyu. Ruwansa gurɓatacce ne, cike da matattun ƙwayoyi, sabon hannu ya gani ya firgita a banza.

Kada ka karanta gilashi ba ka karanta takardar majinyaci ba. Bakinta ya karkace? Idon gefen yana rufuwa? Jijiyar fuska ta cikin wurin nan take ratsawa, ƙari mai lafiya ba safai yake taɓa ta ba. In ka rubuta kansa da gaggawa, likitan fiɗa na iya faɗaɗa yanka, a taɓa jijiyar, mace ta koma ƙauyensu da karkataccen baki.

Tsarin Milan na 2018, wanda ake bi wajen rubuta sakamakon abin da aka zuƙo daga wurin samar da yawu, ya ware aji na musamman don irin wannan: ƙari ne tabbas, amma allura ba ta iya raba mugu da mai lafiya ba. Shi za ka rubuta. In an cire ƙarin gaba ɗaya aka yanka shi aka duba bawonsa, a nan ake yanke hukunci. Ɗauko gilashi na biyu, ka fara da ƙaramin madubi tukuna.