Amsa kan mazaɓun sanatoci biyar na tsohuwar Jihar Kano

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne abin da mahaifinka yake faɗa cewa an yi lokacin da Kano take da sanatoci biyar, kuma in haka ne, ina waɗancan mazaɓu suka shiga. Maganar Baba gaskiya ce, kuma zan amsa maka ne a matsayin wanda ya yi aikin zaɓen 1979 yana malamin firamare, lokacin da hukumar zaɓe ta wancan lokaci, FEDECO, take ɗibar malamai domin su tsaya a rumfuna.

Tsarin mulkin Jamhuriya ta Biyu ya ba kowace jiha kujeru biyar a Majalisar Dattawa, kuma da yake jihohi 19 ne, sanatocin ƙasar suka zama 95, suna zama a Legas ƙarƙashin shugabancin Joseph Wayas. Kano ta wancan zamani ta haɗa har da Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse, saboda haka mazaɓun nan biyar an shimfiɗa su ne a kan ƙasar da yau take ɗauke da jihohi biyu. An yi zaɓen ranar 7 ga Yuli, 1979, shi ne na farko a jerin zaɓuka biyar da aka kammala da na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kwashe kujerun duka: Sabo Bakin Zuwo, Hamisu Musa, Adamu Gaya, Ahmed Zakari da Usman Alto Dambatta. Kujeru bakwai kacal jam'iyyar ta samu a duk Nijeriya, ragowar biyun daga Jihar Kaduna.

A rumfar da na tsaya, ban ji wanda ya tambayi sunan ɗan takara ba. Dattijo zai karɓi takardarsa, ya kusanto da ita fuska yana laluben hoton makulli, alamar PRP, in ya gani ya dangwala, ya fita yana cewa "Nasara". Mata cikin lulluɓi, waɗanda wannan ne karonsu na farko na zaɓen 'yan majalisar tarayya, su ma makullin suke nema. A ganina wannan ne ya sa sunayen mazaɓun ba su zauna a bakin jama'a ba, domin Malam aka zaɓa, ba mazaɓa aka yi wa wakili ba.

Cikin biyar ɗin, Sabo Bakin Zuwo na Kano ta Tsakiya ne ya fi shahara. Da jam'iyya ta rabe gida biyu, 'yan taɓo da 'yan santsi, ya tsaya tare da Malam, Gwamna Abubakar Rimi kuwa ya ƙare a NPP. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, Sabo ya kayar da Rimi a zaɓen gwamna na shekarar, amma wata uku kawai ya yi a kujera kafin sojoji su kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba. Daga wannan rana ba a ƙara zaɓen sanata a kan waɗancan iyakoki ba.

Kafin a sake zaɓen Majalisar Dattawa a 1992, an riga an cire Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, an kuma mayar da kason kowace jiha kujeru uku. Don haka kada sunan Kano ta Tsakiya ya ruɗe ka ka jera Sabo a layi ɗaya da Kwankwaso, Shekarau da Rufa'i Hanga kamar mazaɓa guda suka gāda. Suna ne ya dawo, amma taswirar sabuwa ce, mai ƙananan hukumomi 15 cikin 44. Ƙasar da ta tura mutum biyar Legas a 1979, yau mutum shida take turawa Abuja, uku daga Kano, uku daga Jigawa.