Ku Tambaya Mu Amsa: Kayan Zama da na Ɗaki Masu Ƙarko a Otal ɗin Shaƙatawa

Wasiƙun wannan fitowar sun zo ne daga masu otal-otal na shaƙatawa da ma'aikatansu, kuma duk kukansu ɗaya ne, wato kayan da aka saya da kyan gani amma suka kasa jure rana da ruwa da hannun baƙi. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Otal ɗinmu yana bakin teku. Kujerun ƙarfen da muka jera a farfajiya ba su rufa shekara ba suka soma tsatsa, fenti yana ɓamɓarewa, alhali an ce mana ƙarfen ba ya tsatsa. Wane iri ya kamata mu saya yanzu? Daga wani manajan otal.

Wa alaikumus salam, Malam Manaja. Ƙarfen da ake kira sitenles suna ne ya tara, domin iri-iri ne, kowanne da lambarsa. Mai lamba 201 shi ne mai araha, bai dace da waje ba ko kaɗan. Mai lamba 304 yana da kyau a cikin gini da wuraren da ke nesa da teku. Wanda ya dace da ku shi ne 316, saboda an gauraya masa sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke hana gishiri huda shi. Kada a ruɗe ka da gwajin maganaɗisu, domin dukkan ukun nan ba su cika kama maganaɗisu ba, don haka gwajin ba zai raba maka su ba. Ka nemi takardar shaidar ƙarfen daga masana'antar da ta narka shi, kuma a rubuta lambar 316 a cikin yarjejeniya. Shi ma 316 ɗin yana son a riƙa ɗauraye shi da ruwan daɗi ko da sau ɗaya a mako, in ba haka ba zai yi dabbare-dabbaren ruwan ƙasa.

Mu dai shawararmu, kujerun da ake ɗagawa kullum gara a yi su da alminiyum. Ba shi da nauyi, ba ya jan tsatsa, kuma ma'aikata za su iya jera su a kan juna da dare. Sai dai ka lura da abu uku. Kaurin jikin bututun kada ya gaza milimita 1.5, a ƙafafu da inda nauyi ke sauka ya kai 2. Waldar ta zagaye mahaɗa gaba ɗaya, ba a ɗiga ta wuri biyu a rufe da fenti ba. Ka kifa kujerar ka duba ƙarƙashinta, nan ne ake ɓoye ha'inci. Na uku shi ne fenti, a tabbata na gari ne da ake fesawa a gasa a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200, kaurinsa maikiron 60 zuwa 80 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Ɓamɓarewar da ka gani galibi daga shirin farko take: ba a wanke maiƙon jikin ƙarfen ba, ba a kuma jiƙa shi da sinadarin da ke sa fenti ya kama ba. Da gishiri ya samu ƙaramin karce sai ya kutsa ta ƙarƙashi yana ɗaga fentin. Ka tambayi sakamakon gwajin feshin ruwan gishiri, na ISO 9227 ko ASTM B117, kuma a bakin teku kada ka karɓi abin da ya gaza awa 1,000.

Akwai wani ciwo da mutane ba su cika sani ba. Idan sukurun sitenles ya haɗu da alminiyum kai tsaye, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, alminiyum ɗin ne ke cinyewa. Za ka ga farin gari yana taruwa a bakin ramin, ramin ya faɗaɗa, kujera ta fara girgiɗi. Maganinsa ƙaramin zoben roba da ake sakawa tsakanin ƙarafan biyu, tare da ɗan man da ke raba su. Kowace ƙafa kuma ta kasance da ƙaramar huda a ƙasa don ruwan da ya shiga bututu ya tsiyaye.

Mun sayi teburan katakon tik na cin abinci a waje. Yanzu sun yi furfura, wasu sun tsage a ƙarshe. Jabu aka ba mu? Daga wata mai otal.

Hajiya, furfurar kaɗai ba aibi ba ce. Tik na gaske in ya sha rana da ruwa yakan koma ruwan toka cikin watanni zuwa shekara guda, kuma saman ne kawai ya sauya, cikinsa lafiya lau. Ƙananan tsagu kamar gashi a ƙarshen katako su ma ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ake tsoro shi ne tsagun da ya ratsa falanki, ko mahaɗar da ta buɗe baki. Wannan alama ce ta ɗanyen katako da ba a busar da shi a tanda ba.

Ƙarkon tik yana cikin zuciyar itacen, inda maiƙonsa yake, shi ne ke korar ruwa da gara. Ɓangaren da ke kusa da ɓawo fari-fari ne, ba shi da wannan maiƙon, yana ruɓewa da wuri. Wasu masana'antu sukan shafa launi su ɓoye farin. Ki sa a goga samfefa a ƙarƙashin teburin samfuri: in launin zuma ya ci gaba har ciki, hannu kuma ya ji ɗan santsin mai, zuciya ce. Ki sayi ƙaramar na'urar auna danshin katako, mai allura biyu. Kayan waje su nuna kashi 12 zuwa 15, na ɗakin da ake sanyayawa 8 zuwa 10. Saman teburin waje ya zama jerin falankai masu ɗan rata, milimita 4 zuwa 6, don ruwa ya wuce kuma katako ya samu wurin motsi. In tik ya yi wuyar samu, iroko da aka busar da kyau yana tsayawa a waje.

Wajen kula da su, sabulu mai sauƙi da burushi mai laushi sun isa, a bi tsawon zaren katakon. Kada a yi amfani da injin feshin ruwa mai ƙarfi, yana tsefe saman katako. Kada kuma a goge da soson ƙarfe, ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa. Man da ake sayarwa da sunan man tik ba mu cika son sa a waje ba, domin yana jawo fumfuna, kuma duk wanda ya fara shafa shi sai ya riƙa maimaitawa. In kina son launin zumar ya daɗe, ko kina gudun tabon maiƙon abinci, akwai ruwan kariya na katakon waje da ake shafawa sau ɗaya a shekara.

Kujerun saƙa na kwagiri sun dace da gefen tafkin ninƙaya? Daga wani mai sayo wa otal kaya.

Kwagiri na gaske ba na rana da ruwa ba ne, Malam, a bar shi a baranda mai rufi. Na waje shi ne saƙar roba, amma a tabbata robar HDPE ce mai sinadarin kariyar rana, a kan ƙashin alminiyum. Ta PVC takan bushe ta riƙa karyewa. Ka nemi guntun zaren ka lanƙwasa shi sau da yawa, mai kyau ba ya fari a wurin lanƙwasa, kuma in ka yanka shi launinsa ɗaya ne har ciki.

Kushin ɗin gadajen kishingiɗa suna wari bayan ruwan sama, launinsu ya koɗe, ɗinki yana ɓarkewa. Me za mu nema a sabon oda? Daga shugabar masu gyaran ɗakuna.

'Yar'uwa, matsaloli uku kika kawo, kowacce da tushenta. Warin daga soso yake. Soson kujerar ɗaki yana shan ruwa ya riƙe kwanaki, fumfuna ta kama cikinsa. Na waje shi ne mai buɗaɗɗun ramuka, wanda in an zuba masa kofin ruwa zai zube ta ƙasa nan take. Ki gwada da hannunki kafin a biya. Kuma ƙasan rigar kushin ya zama raga, in ba haka ba ruwan ya wuce soso ya taru a cikin riga.

Koɗewa daga yadi take. A nemi akirilik wanda aka zuba wa launi tun yana narke, kafin a ja shi ya zama zare, irin na Sunbrella da makamantansa. Yadin olefin shi ma yana yi, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Akwai ma'aunin jure haske na ISO 105-B02 mai hawa 1 zuwa 8, na waje ya zama 7 ko 8. Gwaji mai sauƙi: ki ɗiga bilic da aka sirka da ruwa a kan ƙyallen samfuri. Wanda aka rina daga sama zai yi fari, na gasken ba zai sauya ba. Wannan yana da amfani sosai a gefen tafki, inda ruwan kulorin da man shafawa na kariyar rana ke zuba kullum. Launi mai duhu yana ɗaukar zafi har ya ƙona fatar baƙo, fari fat kuma ba ya ɓoye tabo, don haka tsaka-tsaki ya fi.

Ɗinki kuwa, sau da yawa yadin yana nan garau, rana ce ta cinye zaren. A ɗinka da zaren PTFE, wani zaren roba da rana ba ta cinyewa, ko aƙalla foliyesta mai kariyar rana, zif kuma ya zama na roba. Kada a lulluɓe jiƙaƙƙen kushin da tamfol, a jingine shi a tsaye, bakin zif yana kallon ƙasa, har ya bushe.

Kayan cikin ɗakunanmu sun gaji da wuri: gefen teburan gado ya kumbura, kujeru suna girgiɗi, soso ya lotsa. Daga wani mai otal.

Alhaji, da alama kayan gida aka kawo maka. Kujerar gida mutanen da suka san darajarta ke hawa, ta otal kuwa kowane dare da sabon baƙo, ana jan ta, ana jingina da ita a kan ƙafa biyu. Shi ya sa ake da ma'aunan gwaji na daban, na Turai: EN 16139 na kujerun wuraren jama'a, mai hawa biyu, na biyun don aiki mai tsanani, EN 15372 na tebura, sai EN 581 na kayan waje. Ka nemi rahoton gwajin, ka duba cewa sunan kujerar da za ka saya ne a kai.

Kumburin daga allon dusar katako yake, wanda in ya sha ruwa ba ya komawa. A wuri mai danshi a yi jikin kabad da fulawud mai kaurin milimita 18, ko allon MDF mai jure danshi. Sama a rufe da fomeka mai kauri, gefuna a naɗe da roba ta milimita 2, har da gefen baya da na ƙasa da ido ba ya gani, domin ta nan ruwa ke shiga. Kabad ya tsaya a kan ƙafafu, kamar santimita 10 daga ƙasa, saboda ruwan goge daɓe. Dogon kabad kuma a ɗaure shi da bango don kada yaro ya jawo shi.

Kujerar katako ka kifa ta. Mahaɗa mai kyau ita ce wadda aka fere kan katako ɗaya aka zura cikin ramin da aka sassaƙa a ɗayan, aka sa gam, sannan kowace kusurwa tana da guntun katako da aka ɗaure da sukuru. In ƙananan ƙusoshin bindiga kawai ka gani, ka ajiye ta. Soson mazauni kada ya gaza kilo 35 a kowace kyubik mita. Tauri daban, nauyi daban: soso mara nauyi yana iya yin tauri ranar saye, ya lotsa bayan watanni. Yadi ya jure guga 40,000 a gwajin Martindale. Maganar gobara kuma ba ta wasa ba ce, ka binciki dokar ƙasar da otal ɗin yake, aƙalla soso da yadi su ci gwajin taba da ashana na EN 1021. Duk gilashin tebur ya zama gasasshe, wanda in ya fashe yake rugujewa ƙanana.

Iska tana kayar mana da manyan lemomi. Daga wani ma'aikacin tafki.

Gindin ne ya yi rashin nauyi. Lema mai faɗin mita 3 da ke tsaye ita kaɗai tana son gindi na wajen kilo 50, mai sanda a gefe kuwa kilo 100 ko fiye, ko a ɗaure ta da noti a cikin siminti. A zaɓi mai kafar iska a ƙololuwa. Da hadari ya taso a naɗe duka a ɗaure, babu gindin da ke riƙe buɗaɗɗiyar lema a guguwa.

Za mu yi odar kayan ɗakuna 60 a karon farko. Ta ina za mu fara? Daga wasu abokan haɗin gwiwa.

Ku fara da takarda. Kowane kaya a rubuta masa awo, irin katako ko lambar ƙarfe, kaurin bututu, nauyin soso, sunan yadi da lambar launinsa. Abin da ba a rubuta ba, masana'anta za ta zaɓa muku mafi araha. Daga nan ku shirya ɗaki guda cikakke da samfura, a kwana a ciki, masu shara su gwada tura tsintsiya ƙarƙashin gado, a buɗe durowa a ga ko tana bugun ƙofa. Tsayin mazauni wajen santimita 45, teburin cin abinci 75. Ku auna ƙofofi da matakala da lif tun kafin a yanka katako.

In samfuri ya yi, a sa hannu a jikin guda biyu, ɗaya a wurinku ɗaya a masana'anta, da shi za a gwada sauran. A biya kafin alƙalami kawai, ragowar sai wakilinku ya buɗe kwalaye ya duba kafin a loda. Ku ware wata 2 zuwa 4 na ƙira, ban da kwanakin jigila.

Ku karanta garanti da kyau, domin wasu sun cire kayan da ake amfani da su a wurin kasuwanci, wasu sun cire wuraren bakin teku ko koɗewar launi. Ku ƙara kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a kan adadin kujeru da kushin ku ajiye a sito, tare da bandir ɗin yadi daga rini ɗaya, da takalman ƙafafun kujera, da pata, da layin durowa, da ɗan fentin rufe karce. Ku kuma sa a rubuta shekarun da masana'anta za ta ci gaba da samar da kayan gyaran wannan ƙirar.